Tsintsiya a Katin Asibiti

Duk sanda aka turo mana ɗalibai sashen gashin ƙashi, ba sa kwana uku sai na ji ɗaya yana raɗa wa ɗan'uwansa cewa ashe aikin nan ba wuya, ka kunna fitila, ka ce wa tsoho ya ɗaga ƙafa sau goma, shi ke nan. Ba na tanka musu, domin ni ma haka na faɗa lokacin da na zo, har na fi su rawar kai. Sunana Hajara. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina mataimakiya a wannan sashe, a wani asibiti nan cikin garin Lafiya, kafin in ajiye aiki, ko da yake har yau nakan leƙa. Tunda kun ce aikin banza ne, 'ya'yana, ku gyara zama in ba ku labarin tsintsiyar da na taɓa rubutawa a matsayin magani.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Mista Terna, ɗan Tibi ne daga bakin Binuwai, dogo, mai sanƙo, ba ya ɗaga murya. A Hausarsa mace da namiji duk "kai" ne. Ranar farko na zo da farar riga a goge ina jiran a miƙo mini majinyaci, sai ya nuna mini kujera a ƙofar ɗaki ya ce, "Hajara, kada ka taɓa kowa. Ka zauna nan ka duba yadda suna tashi daga benci." Wata guda cur ina wannan zama, raina a ɓace, ina ganin an mayar da ni mai gadi. Sai a mako na uku idona ya buɗe. Na fara gane mai dafa gwiwa da hannu biyu, da mai yin lilo sau uku kafin ya miƙe, da mai jira kowa ya kau da kai don kada a ga fuskarsa. Kafin mutum ya iso ƙofa na san wace ƙafa ce ke damunsa, na kuma san ko ya yi barci jiya.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai 'yan buhunan yashi da muka ɗinka da tsofaffin zannuwan gado muna ɗaura wa mutum a idon sawu, da tawul da muke tsomawa a ruwan zafi, da ƙarafuna biyu da mai walda ya haɗa mana don mai koyon tafiya ya dafa. Akwai keken da ba ya zuwa ko'ina, wanda tsofaffi suka tsana. Wani Alhaji ya taɓa sauka daga kansa yana haki ya ce mini, "Rabin awa ina tuƙi, 'yar nan, ko bakin ƙofa ban kai ba." Amma sarauniyar ɗakin ita ce fitila mai jan haske. Mutum ya kwanta, ɗumi ya ratsa gwiwa, wani har da minshari. A wurin majinyatanmu fitilar nan ita ce maganin, sauran duk wahala ce da muke haɗa musu da ita.

Yawancin masu zuwa mana ciwon gwiwa ne irin na manyanta, wanda mutane ke kira sanyin ƙashi. Guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne yake zaizayewa, har ƙashi ya soma gogar ƙashi. Ba ya komawa sabo, kuma ban taɓa yi wa kowa ƙaryar zai koma ba. Abin da ke rage wa mai shi azaba shi ne naman cinya ya yi ƙarfi, gaɓa ta riƙa motsi, mutum ya sami barci. To, faɗin wannan a baki ba wuya. Akwai wani manomin doya daga Agyaragu, Baba Aondo, da na ce masa ya riƙa ɗan tattaki kullum. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Madam, tafiya ne ya cinye ƙafan nan. Yanzu kuma ka ce tafiya ne magani? Abeg, kunna mini wuta." Na karanto masa abin da ke cikin littafi tiryan-tiryan, ya ce to, ya kwanta a ƙarƙashin fitila. Mista Terna kuwa kafin ya tambayi ciwo sai ya tambayi barci, domin ya lura wanda ya kwana yana juyi da safe ciwonsa ninki yake zuwa. Amsar da ake ba shi kusan ɗaya ce: barci na Allah ne, in ya zo ya zo.

Sai ga shekarar da ba na mantawa. Wata rana da hantsi aka kawo wuta da ƙarfi, fitila ta yi ƙara ta mutu, ɗakin ya cika da ƙaurin waya. Muka rubuta takarda, muka sake rubutawa, shiru kusan shekara. Cikin mako biyu bencinmu ya zama wayam. Tunda ba fitila, a ganinsu ba magani, me zai sa mutum ya sha jijjigar mota daga ƙauye don a sa shi ɗaga buhun yashi? Muka zauna muna korar ƙuda, har aka fara maganar a rarraba mu wasu sassa. Rannan Mista Terna ya zazzage katunan majinyata a tebur ya ce, "In ba su zo ba, mu za mu je." Ya raba biyu, ya ba ni na cikin gari. Talata da Alhamis nakan hau acaɓa da jakata, tawul biyu da buhun yashi ɗaya a ciki, ina bin gidaje ina sallama.

A haka na isa wani gida a Akurba, wurin Iya Kande. Mutuniyar Kwandere ce, manomiyar riɗi da gyaɗa, gwiwoyinta biyu duk sun taɓu. Sau uku ta zo mana kafin fitila ta ƙone, da ƙafarta, da sandarta, tana tsokanar kowa a benci. Ɗanta Malam Sule, malamin makaranta, shi ya ɗauko ta daga ƙauye ya ajiye a gidansa don ta huta. Matarsa Rakiya ta kai ni ɗakin. Ɗaki ne mafi kyau a gidan, da fanka, da rediyo, da filas ɗin shayi, da goro a kwano, ga katifar soso mai kauri shimfiɗe a ƙasa. A tsakiyar katifar na hango Iya ta lume. Wata huɗu ke nan rabona da ita, amma da ƙyar na gane ta. Da na ɗage zane na ga cinyoyin sun zube, gwiwoyin sun sandare, sannan ga wani ƙunshi a leda an ɗaure da zare a gwiwar dama.

Na ce, "Iya, wannan fa?"

Ta ce, "Takardan da ka ba ni ne, Likita. Ban taɓa cire shi ba." Ita ma irin Hausar Mista Terna gare ta, kuma duk mai farar riga likita ne a wurinta.

Takardar motsa jiki ce da na ba ta, mai zanen mutum yana ɗaga ƙafa. Ta ga hatimin asibiti a jiki, ta naɗe ta kamar laya. Dariya ta taso mini, kunya ta danne ta. Na miƙa wa matar da ba ta yi boko ba takarda, na ce sau goma safe sau goma yamma, na kira na gaba. Ko sau ɗaya ban tambaye ta yadda take wuni ba.

Da Rakiya ta fita kawo mini ruwa, Iya ta kamo hannuna ta rage murya. Ta ce, "Likita, za su kashe ni da gata. In na miƙa hannu wurin buta, Rakiya ya rugo. In na taɓa tsintsiya, Sule ya yi ihu. Da rana ba abin yi sai barci da goro, da dare ido ya bushe, ƙafa ya yi ta sara. Katifan nan ya haɗiye ni, ba na tashi sai an ja ni. Fitsari ma riƙewa nake har asuba don kada in tashe su." Na tambaye ta me take so. Ba ta ce ciwo ya tafi ba. Ta ce riɗinta na gona, 'yan'uwa ne suka shuka mata, kaka ta kusa, kuma Sule ya ce in ƙafa ba ta tashi ba ta bar Kwandere ke nan. "In haka ne, a ɗakin nan zan mutu, ina kallon fanka." Ni kuma na san abin da ita ba ta sani ba. In ta ƙara wata uku a wannan kwanciya, cinyar da za ta ɗaga ta ba za ta dawo ba.

Na jira Malam Sule ya dawo daga makaranta, muka zauna a gindin bango. Mutum ne mai ladabi, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Anti, na ji. Amma me kike so mutanen unguwa su ce? Malami guda, da matarsa a gida, uwarsa tana shara?" Na buɗe baki zan kawo masa bayanin guringuntsi, sai ya ci gaba, idonsa a ƙasa. "Da itace a ka take tahowa daga Kwandere zuwa kasuwa, a ƙafa, don in zauna a aji. Karatuna ne ya ci gwiwoyin nan. Yanzu da Allah ya hore mini, ba za ta sake ɗaukar ko cokali ba." Wallahi tausayinsa ya kama ni. Na saba faɗa da masu sakaci da iyayensu, ban san yadda ake faɗa da mai son uwarsa ba. Na yi masa sallama na hau acaɓa.

A hanya ƙunshin ledar nan ya yi ta dawo mini. Matar da ta ɗaure takarda a gwiwa wata huɗu saboda hatimi, da ɗan da ke tsoron bakin maƙwabta, ai duk takarda suke girmamawa. Washegari na ɗauki sabon kati na rubuta sunan Iya, na rubuta da Hausa yadda kowa zai karanta. Sharar tsakar gida kowace safiya, da tsintsiya mai doguwar sanda don kada ta sunkuya. Ta ɗauko butarta da kanta. Tattaki zuwa bishiyar mangwaron bakin layi bayan la'asar. Barcin rana ɗan kaɗan bayan azahar, goro da shayi kuma su tsaya daga la'asar. A ɗora ta a gado mai tsayi da katifa mai tauri, da matashi tsakanin gwiwoyi. Na kai wa Mista Terna ya sa hannu, ina ɗar-ɗar. Ya karanta, ya cire tabarau, ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ɗauko hatimi ya buga sau biyu. Na ce na biyun fa? Ya ce, "Ɗaya na ɗan, ɗaya na maƙwabta."

Malam Sule ya karɓi katin da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce tunda daga asibiti ne ba shi da ta cewa. Ya sa shi a leda ya kafa da ƙusa a jikin ƙofar gida ta ciki, inda duk mai shigowa zai gani. Kafinta ya haɗa gado, ni da kaina na ɗaura tsintsiyar kwakwa a sanda da robar taya. Mako biyun farko muka yi su a tashi da zama daga bakin gado, da buhun yashi, har ta iya miƙewa ba mai ja. Ranar da za ta fara shara, Rakiya ta gaya mini Malam ko karyawa bai yi ba ya fice makaranta, ya ce ba zai iya gani ba. Wata maƙwabciya kuwa da ta leƙo ta ga tsohuwa da tsintsiya, sai ta yi salati ta rugo za ta karɓe, tana harar Rakiya. Iya ta riƙe sandarta gam ta ce, "Bari, bari. Magani nake sha." Rakiya ta nuna mata katin da ke jikin ƙofa. Maƙwabciyar ta karanta, ta ga hatimi har biyu, ta ce Allah ya ba da lafiya, ta koma.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Kwana biyar da fara shara sai ga Malam Sule a sashenmu, fuska a murtuke, katin a hannunsa. Gwiwar dama ta kumbura suntum, Iya ta kwana biyu ba ta taka ba. Ya ajiye katin a tebur ya ce, "Anti, ga takardarku. Na ba ku amana, kun karya mini uwa." Nan take na gane kuskurena. Na rubuta shara, ban rubuta iyaka ba. Ashe Iya da ta ji tsintsiya a hannu ta share tsakar gida, ta share bayan ɗaki, ta fita ta share ƙofar gida har da ta maƙwabta. Na ce masa laifina ne, na roƙe shi ya bar ni in je in gan ta sau ɗaya. Ya ɗauki katinsa, muka tafi a babur ɗinsa.

Iya ce ta raba gardamar. Tana ganin katin a hannunsa ta ce, "Sule, mayar da abin nan inda ka cire shi. Yunwan aiki ne ya sa na yi haɗama, ba laifin Likita ba." Ya ce, "Iya, kin ga yadda ƙafarki ta koma." Ta ce, "Na gani. Kwana uku da na yi shara, ka ji na kira wani da dare? Rabona da barci irin wannan tun ina Kwandere. Ka bar ni in gaji, ɗana." Ya juya mana baya ya tsaya yana kallon bango. Can ya ɗauki dutse ya fita, muka ji yana buga ƙusa.

Da kumburin ya saɓe muka sa doka. Na ɗauko wani dutse na ajiye taku goma daga ƙofar ɗakinta, na ce shara ta tsaya nan. Duk ranar Alhamis in na zo, in gwiwa ba ta yi ƙorafi ba, sai mu matsar da dutsen gaba. Sauran dabarun kuma ita ta koya mini. Ta ce gwiwa irin manja ce, da safe a daskare take, don haka sai ta zauna a hantsi ta sha rana kafin ta ɗauki tsintsiya. Tawul ɗin ruwan zafi ta mayar da shi bayan magariba, ta ce a lokacin ya fi kai ta ga barci. Tattakin mangwaro ta ƙi yin shi ita kaɗai, wai ba mahaukaciya ba ce da za ta je wurin bishiya ta dawo, sai ta mayar da shi zuwa gaida wata tsohuwa da ke gidan kusa da bishiyar. Ciwon bai tafi ba, ranar sanyi tana jin jiki. Amma dutse ya yi ta tafiya har ya kai ƙofar gida.

Da kaka ta yi, Malam Sule da kansa ya kai ta Kwandere, gadon a bayan mota a-kori-kura. Ba ita ta yanke riɗin ba. Ta dai taka da sandarta har gona, aka ajiye mata kujera, ana miƙo mata dammunan da suka bushe tana kifawa a kan tabarma tana kakkaɓewa. Da aka gyara mana fitila mutane suka dawo, amma ni tambayata ta canza. Duk tsohon da ya zauna a gabana, bayan barci sai in ce, me aka karɓe daga hannunka a gida? Baba Aondo ya ce zuwa coci a ƙafa, 'ya'yansa sun sa a riƙa ɗaukarsa a babur. Shi ma na rubuta masa kati, ya karɓa ba gardama.

Iya ta yi shekaru masu dama a ɗakinta. Bayan rasuwarta Malam Sule ya zo har gidana, ya fara furfura, da mudun riɗi a ƙulle da katin nan a ledarsa, hatiman sun koɗe. Ya ce, "Anti, har ta koma ga Allah ita ke share ƙofarta. Ranar ma sai da ta share." Muka yi mata addu'a, na yi kuka, ban ɓoye ba.

Yanzu ga shi nawa gwiwoyin sun soma, sai na yi lilo sau biyu kafin in bar kujera. Watan jiya 'yata Bilki ta zo hutu da yaranta. Da safe na sha hantsina na ɗauki tsintsiya, sai ga ta da gudu ta fizge. "Haba Mama! Ina gidan za ki yi shara? So kike a zage ni?" Na dubi fuskarta na ga fuskar Malam Sule sak. Ban yi musu da ita ba. Na shiga ɗaki na buɗe akwati, na ɗauko katin na sa mata a hannu. Ta karanta har ƙasa ta ce, "Mama, ai wannan ba sunanki ba ne."

Na ce, "Duba hatimin, biyu ne. Ɗaya naki ne."

Ta juya katin ta sake dubawa. Sannan ta miƙo mini tsintsiyar, ta shiga gabana tana kawar da kujeru da takalman yara daga hanya.